Kogin Kano: Mu Na Sama da Su Na Ƙasa

Mu da muka tashi a ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada da Ƙiru da Bebeji, tun muna ƙanana muka san Kogin Kano. Daga tsaunukan kudu yake gangarowa, ya ratsa Dajin Falgore, ya zube a tafkin Tiga. A zatonmu nan tafiyarsa take ƙarewa. Sai a darasin labarin ƙasa muka gane ashe Tiga zango ce kawai. Kafin Wudil kogin yakan haɗu da Kogin Calawa, ya zama Kogin Haɗeja. Can gaba ya haɗu da na Jama'are, su zama Kogin Yobe, wanda ya nufi Tafkin Cadi.

An gama madatsar Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1992 kuma aka gama ta Calawa a ƙasar Ƙaraye. Ba mai musun alherin da Tiga ta kawo. Da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake samun tumatir da alkama da shinkafa. Birnin Kano ma yana sha daga ruwan da take saki. Da yawa daga cikinmu, da kuɗin tumatir ko na kifin Tiga iyayenmu suke biyan kuɗin makaranta.

Amma akwai waɗansu mutane da ba mu taɓa ganinsu ba, waɗanda su ma wannan kogin ne abincinsu. Tsakanin Haɗeja da Nguru akwai wata babbar fadama. A dā, kowace shekara wajen watan Agusta da Satumba, kogi yakan cika ya malale ta. Manomi ya shuka shinkafa a cikin ruwan. Masunci ya kama kifin da ya hayayyafa a ciki. In ruwa ya janye a shuka wake da sauran amfanin rani a danshin da ya bari, makiyayi kuma ya kawo shanunsa su ci ɗanyar ciyawa. Tsuntsaye dubbai sukan ƙetaro hamada daga Turai su yi sanyin hunturu a nan. Saboda su ne Yarima Filib na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, kuma a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye.

Bayan an datse kogunan, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, sai malalar ruwan ta ragu ƙwarai. Wata matsala kuma ta biyo baya. A dā kogin yakan yi ƙarfi da damina ya share yashi da laka, da rani kuma ya ƙafe. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kacala ta sami abin da take so, wato ruwa marar gudu wanda ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta hana kwalekwale wucewa. Tsuntsayen jan-baki suka mai da ita gida, daga can suke faɗa wa gero da shinkafa. Wani gari ruwa ya yi masa yawa, wani kuma ya rasa.

To, mene ne magani? A Amurka akwai inda aka rushe madatsu ɗungum. Tsakanin 2023 da 2024 an cire guda huɗu daga Kogin Klamath. Ba a daɗe ba kifin salmon ya koma wuraren da ya yi fiye da shekara 100 bai kai ba. A 2025 waɗansu matasa 'yan asalin yankin, sa'o'inmu, suka shiga ƙananan kwalekwale suka bi kogin daga sama har bakin teku, suna ratsa wuraren da ruwa ke tafasa a kan duwatsu. Wata guda suka yi a hanya.

Mu kam ba mu ce a rushe Tiga ba. Waɗancan madatsun wutar lantarki aka gina su dominta, tamu kuwa abinci ce da ruwan sha. Misalin da ya fi kusa da mu yana arewacin Kamaru. A 1979 aka gina madatsar Maga domin noman shinkafa, fadamar Kogin Lagon da ke kusa da Dajin Waza ta bushe. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya sake malala a wani sashe. Kifi ya dawo, ciyawa ta tsiro, makiyaya da namun daji suka sami sauƙi. Madatsar kuwa tana nan ba a taɓa ta ba.

Irin wannan ne masana suka daɗe suna ba da shawara a kan Tiga da Calawa: a riƙa sakin ruwa mai yawa a lokacin da kogi ya saba cika, a sanar da mutanen bakin kogi tun da wuri, a rage sakin na banza da rani, a kuma yashe hanyoyin da kacala ta toshe. Wannan aikin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne tare da jihohin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno.

Mu ma muna da namu rabon. Itatuwan Falgore su ke riƙe ƙasa. Duk wanda aka sare domin gawayi, ruwan sama zai kwashe ƙasar wurin ya zuba a tafkin Tiga, wurin ajiyar ruwa ya ragu, gada da gwanki su rasa mafaka. A gonakin rani kuma, ruwan da muka bari yana kwarara a banza rabon wani ne a Nguru ko Gashuwa.

'Yan'uwa ɗalibai, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama injiniyoyi da malaman gona da ma'aikatan daji. Ranar da aka danƙa wa ɗayanmu makullin madatsa, ya tuna akwai mai jiran ruwan nan a ƙasa.