Toyama: Garin da Ake Mai da Sabuwar Mota Tsohuwa

A ƙarshen watan Afrilu zuwa farkon Mayu akwai jerin ranakun hutu a Japan, jami'armu ma ta rufe. Wani ɗan ajinmu a sashen injiniyanci, ɗan asalin Toyama, ya ce in zo mu je garinsu in ga dusar ƙanƙara. Jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, Shinkansen, yana kai mutum daga Tokiyo cikin awa biyu da 'yan mintuna tun da aka buɗe layin a 2015, amma aljihun ɗalibi bai kai nan ba. Bas ɗin dare muka hau, muka sauka da asuba ƙafafu a sage.

Toyama tana bakin teku ta gefen yammacin babban tsibirin ƙasar, duwatsun Tateyama kuma sun tokare ta ta baya, mafi tsawonsu mita 3,015. Mun hau, mun bi hanyar da aka yanka a tsakiyar ƙanƙara, bango dama bango hagu, wanda a shekarar da ta zuba sosai yakan kusa mita 20. Na ji sanyin da hunturun Jos bai taɓa nuna mini ba. Amma abin da ya hana ni barci a tafiyar nan a ƙasa na gan shi, a wurin ajiye motoci kusa da lambun Kansui da ke bakin ruwa.

Wata mota ce shuɗiya mai kujera biyu, ba rufi, gajera kamar ta durƙusa. Bamba na ƙarfe mai ƙyalli gaba da baya, ƙananan fitilu zagayayyu, saman tayoyin ya kumbura kamar kafaɗar ɗan dambe. Na ce da abokina, ai wannan Corvette Sting Ray ce ta Amurka, wadda kamfanin Chevrolet ya ƙera daga 1963 zuwa 1967. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don ina da hotonta a waya. Ya yi dariya ya ce in leƙa ciki.

Sitiyari yana dama. Ga allo a gaban direba, ga maɓallan esi, ga madannin tayar da inji ba tare da murɗa makulli ba. Ashe ciki Mazda MX-5 ce sabuwa, wadda ake ƙerawa a Hiroshima, riga kawai aka sauya mata. Sunanta Rock Star, aikin wani ƙaramin kamfani ne mai suna Mitsuoka da ke nan Toyama. Susumu Mitsuoka ya kafa shi a 1968, ita kuma wannan motar an fito da ita a 2018 don bikin cikarsa shekara 50, guda 200 kacal.

Ga yadda aikin yake. Kamfanin yana karɓo sabuwar mota daga Mazda, ma'aikata su kwance gaba da baya, su bar inji da giya da birki da ƙofofi da gilashin gaba. Sabon bodin yawancinsa da zaren gilashi ake yi, a shimfiɗa shi a cikin mazubi, a shafe da wani danƙo, ya bushe ya yi tauri, sannan a goge, a daidaita, a yi fenti. Hannu ne ke yin mafi yawan wannan. Wahalar tana wurin haɗi, inda sabon gefe zai sadu da tsohuwar ƙofa. In layin ya kauce ko da faɗin farce ne, ido zai kama. Na durƙusa na bi layin da kallo daga fitila har wutsiya, ban sami inda ya karye ba.

Akwai wata da suke yi mai suna Himiko, ita ma daga MX-5. A nan har tsawon motar suke ƙarawa, su tura tayoyin gaba fiye da rabin mita don boneti ya yi tsawo irin na motocin Turai na da. Da ƙaramar Nissan March kuma suka soma yin Viewt tun 1993, mai kama da tsohuwar Jaguar ta Ingila.

Muna tsaye sai ga mai motar, wani dattijo da furfura. Na rusuna na gaishe shi, abokina na fassara. Ban iya riƙe bakina ba, na tambaye shi me ya sa zai biya kusan ninki biyu na kuɗin Mazda don motar da ba Corvette ba ce, kuma injinta bai ƙaru da komai ba. Abokina ya harare ni kafin ya fassara. Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce tun yana yaro yake ganin hoton waccan motar, amma a shekarunsa ba zai iya da mota mai shekara sittin ba, wadda za ta ƙi tashi da safen sanyi, ba ta da jakar iskar da ke kare direba a haɗari, kayan gyaranta kuma sai an yi odarsu daga wata nahiya. Wannan kuwa, in ta samu matsala, kayan Mazda ne a ko'ina. Ya tayar da ita. Ƙarar ba ta kai ta kawo ba, don silinda huɗu ce mai lita 1.5, ita kuwa ta asalin silinda takwas ce mai sama da lita 5. Nan kam na ɗan ji an rage mini wani abu.

A bas na komawa na dinga tuna garejojinmu. Mu ma muna wannan aikin, amma a juye. Mutum zai kai tsohuwar jif 'yar Kwatano wajen masu gyaran bodi, a sauya mata fitilu da bamba da fuska, ta fito kamar ta bana. Gwanintar hannun da ake bukata iri ɗaya ce, kuma na ga yara sa'anninku a Kofar Ruwa da Panteka da ke fitar da layi da guduma har ka rantse daga kamfani ƙarfen ya fito. Inda muka rabu da Toyama shi ne, motar dattijon tambarin Mitsuoka ke jikinta, ba wanda aka ce wa Chevrolet ce. Tamu kuwa wani lokaci a kan kai ta kasuwa a ɓoye shekarunta, mai saye ya biya kuɗin sabuwa ya tafi da tsohon inji da gajiyayyen birki. Wani kawuna ya taɓa faɗawa wannan tarkon, sai da bakanike ya duba lambar jikin motar aka gane ta girmi abin da aka faɗa masa da shekara takwas.

Kafin mu rabu dattijon ya ce in zauna a kujerar direba a ɗauke ni hoto. Na tura wa ƙanena da ke aji biyar a sakandare, wanda ke zuwa garejin unguwarmu ranar Asabar duk da faɗan da Umma ke yi masa. Bai tambayi kuɗinta ba, bai tambayi gudunta ba. Cewa ya yi in koma in ɗauko masa hoton wurin da gefen ya haɗu da ƙofa, kusa-kusa.