Lokacin da Manhaja ke Zuwa ta Gidan Waya

Duk wanda ya fara taɓa kwamfuta a ƙasar nan tsakanin 2000 da 2010 ba zai manta da shagunan intanet na wancan zamani ba, inda ake sayen lokaci a ɗan guntun tikiti, a zauna gaban allo mai ƙatuwar ƙeya ana jiran shafi ɗaya ya buɗe, fanka na kaɗo iska mai zafi, janareto na ruri a bayan shago, mai shago na leƙowa yana cewa saura minti biyar. Kusan kowace kwamfuta a wurin Windows XP ce a kanta, wadda ta fito a 2001, shekarar da wayar GSM ta shigo Najeriya, da Word da Excel a gefe. Tsakani da Allah, ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa ganin takardar lasisi da idonsu. Faifai ake saye, a Kano a titin Beirut, a Legas a Ikeja, an rubuta lambar buɗewa da maka a bayansa. Injiniya ya ɗora maka, ya haɗa da riga-kafin bairos da ba ya hana komai shiga, bayan 'yan watanni ka dawo a sake yi mata fomatin. Ba mu ɗauke shi satar fasaha ba. A zatonmu haka kowa ke samun manhaja a duniya.

Yaron yau bai taɓa riƙe faifan CD ba. Laftof ɗinsa ma babu ramin sa shi.

To a tsakiyar wannan zamani ne wani faifai daban ya fara yawo a hannun ɗalibai da masu shaguna, kuma shi ta gidan waya yake zuwa. Wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, wanda ya yi kuɗi da sayar da kamfaninsa a 1999 har ya biya aka kai shi sararin samaniya a 2002, shi ya kafa kamfanin Canonical, ya fitar da babbar manhaja mai suna Ubuntu a watan Oktoba na 2004. Ya kuma buɗe wani shiri, ShipIt: ka cike fom, ka rubuta lambar akwatin gidan waya, na makarantarku ko na ofishin kawunka, ka koma gida ka manta, bayan makonni sai ga ambulan daga ƙasar waje da sunanka a jiki, ba ka biya ko kuɗin kan sarki ba. A ciki akwai faifai a kwali mai ruwan ƙasa-ƙasa da hoton mutane sun yi da'ira. Kana iya kunna kwamfuta daga faifan ka gwada shi ba tare da ka goge komai ba, ga OpenOffice na rubutu da lissafi, ga Firefox na shiga intanet, duk a wuri guda. Ku tuna, a lokacin sauke abin da zai cika faifai ɗaya aiki ne na kwana a shago, kuma in aka ɗauke wuta da asuba sai a koma farko. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne rubutun jikin kwalin, wanda ke cewa doka ta ba ka dama ka kwafa ka raba wa duk wanda kake so. Mun saba da faifan da ake sayarwa a ɓoye, yau ga wanda masu shi ke roƙo a yaɗa.

Ƙannena da ba ku ga wannan ba, ga asalin abin. A 1983 wani masanin kwamfuta a Amurka, Richard Stallman, ya shelanta aikin GNU, da niyyar gina babbar manhajar da kowa zai iya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya kwafa, ya bayar. A 1989 ya fito da lasisin GPL mai sharaɗi guda mai ƙarfi: duk wanda ya gyara ya raba, dole ya bar wa na bayansa irin damar da ya samu. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a Finland, Linus Torvalds, yana ɗan shekara 21, ya rubuta ginshiƙin da ya rage, aka kira shi Linux, wanda a kansa aka gina Ubuntu. Manhajar ofis kuwa daga Jamus ta taso da sunan StarOffice. Kamfanin Sun ya saye ta a 1999, ya buɗe ta ga jama'a a 2000, ta fito da sunan OpenOffice a 2002. Manhajar kamfani kamar rigar kanti ce da aka hana ka farke ɗinkinta ko da ta matse ka a hammata. Wannan kuwa an ba ka izinin kai ta wurin telan unguwarku, in ta yi daidai ka yanka wa ƙanenka irinta.

Me ya sa ba mu rungume ta ba? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ka ɗora Ubuntu cikin murna, firinta ta ƙi aiki, modem ɗin da ka saya da guminka ya ƙi kama layi, waƙa ta ƙi tashi sai an sauko da wani ƙari daga intanet ɗin da ba ka da shi. Ka tsara furojet ɗinka tsaf a OpenOffice, ka kai bizines santa a buɗe a Word, sai ka tarar teburi ya gudu shafi na gaba, mai taifin tana harararka. Makarantun koyon kwamfuta Word da Excel da CorelDraw suke koyarwa, tallan neman ma'aikata su yake nema. Babban dalili kuwa faifan kasuwa ne. Bature yana zaɓi tsakanin ɗaruruwan daloli da kyauta, mu muna zaɓi tsakanin kyauta da kuɗin da bai wuce na cin abincin rana ba. Da wannan ɗan bambanci wa zai bar abin da hannunsa ya saba? Sabo turken wawa.

Hukumomi ma sun taɓa sun janye hannu. A 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima ta Abuja ƙananan kwamfutoci masu launin kore na shirin One Laptop per Child, da Linux a kansu. A shekarar ce kuma aka ƙulla cinikin kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa, sai labari ya fito cewa za a goge a sa Windows, har shugaban Mandriva ya rubuta wa takwaransa na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ba mu kaɗai muka yi ta kai-kawo ba. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 cikin shekara goma, a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Jandarmomin Faransa kuwa da suka ɗauki OpenOffice a 2005, suka biyo da Ubuntu a 2008, sun tsaya a kai.

A watan Afrilu na 2011 aka rufe ShipIt. Ambulan ya daina zuwa.

Abin mamaki, Linux ɗin da muka ƙi a kan teburi ya shigo mana ta aljihu. Wayar Android, wadda ta fara fitowa a 2008, a kan ginshiƙinsa aka gina ta, don haka mai shayi da ɗan acaɓa da hajiya mai sayar da atamfa ta WhatsApp duk shi suke riƙe da shi. Tun 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya kaf shi ke tafiyar da su. Microsoft, wanda shugabansa Steve Ballmer ya kira Linux cutar daji a 2001, shi da kansa ya buɗe hanyar tafiyar da shi a cikin Windows a 2016. Sai dai mai wayar bai gaji damar nan ta dubawa da gyarawa ba, bai ma san an taɓa yi masa alkawarinta ba. A da, ko faifan naka na kasuwa ne, yana cikin durowarka. Yau manhajar ofis haya ake ba ka, tsarin da ya kankama da Office 365 tun 2011: ka biya duk wata ko duk shekara, in ka daina biya a hana ka gyara takardar da ka rubuta da hannunka, takardar kuma tana ajiye a rumbun wani kamfani a wata ƙasa.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 wa'adin kula da Windows 10 ya cika, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta hawa kwamfutar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba. Ku je kasuwa ku ga yawan laftof na hannu da wannan sharaɗi ya bar a baya, lafiyarsu ƙalau, batirinsu na riƙe caji. Irinsu ne Linux Mint da Ubuntu ke tafiyarwa cikin sauƙi. OpenOffice ta haifi LibreOffice a 2010 bayan kamfanin Oracle ya saye Sun, kuma ta yi ƙwarin da jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kanta. Yawancin firintoci yanzu da an jona suke kamawa, filashi ɗaya ya isa a ɗora komai.

Mu abin ya zo mana a lokacin da ba wuta, ba layi, ba wanda za a tambaya. Ku duk kuna da waɗannan. Kafin ku sayar da tsohuwar kwamfutar gidanku a kilo, ku ɗora mata Linux ku ba ƙaramin cikinku ya koyi taifin. Izinin fassara waɗannan manhajoji zuwa Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu, yana nan a rubuce cikin lasisinsu, ba sai kowa ya sa hannu ba. Babu mai hana ku, babu kuma wanda zai taso daga Helsinki ya yi muku.