Matar da Ta Riƙe Rajistar Sunaye

Daga shekarar 1972 zuwa 1989, Elizabeth Feinler ce ta shugabanci ofishin da ke kula da sunayen kwamfutocin ARPANET, kakar intanet, a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya, a Amurka. Aikinsu ya rataya ne ga fayil guda, HOSTS.TXT, inda aka jera sunan kowace kwamfuta da adireshinta na lambobi. Mai sabuwar na'ura sai ya sanar da ofishin a rubuta masa, sauran kuma su riƙa ɗaukar kwafi lokaci-lokaci.

Tsarin ya yi aiki lokacin da kwamfutocin ba su da yawa. Da suka yawaita, sai matsaloli uku suka bayyana. Ofishi ɗaya ya kasa ɗaukar nauyin kowa. Mutane biyu kan so suna ɗaya. Kwafin da ke hannun wani kuma kan tsufa kafin ya ɗauki sabo, ya aika saƙo inda ba kowa.

A 1983 Paul Mockapetris ya fitar da tsarin DNS, wanda ya raba rajistar gida-gida. Bahaushe ya san dabarar: Tudun Wada da Sabon Gari suna da yawa, amma da an ambaci garin da unguwar take, shakka ta kau. Haka ake karanta sunan intanet daga dama zuwa hagu, daga babban yanki zuwa ƙarami. Nijar tana da .ne, Najeriya .ng, Gana .gh, Cadi .td, Kamaru .cm. Mai riƙe da kowane yanki shi ke raɗa sunaye a ƙarƙashinsa, ba ya neman izinin na sama kan kowane suna.

Saura batun kwafi. Kowane yanki yana da babbar rajista da ake yi wa gyara, da mataimaka masu kwafe ta. Akwai lamba da ake ƙarawa duk lokacin da aka yi gyara. Mataimakiyar da ta ga lambarta ta gaza ta babbar, sai ta ɗauki sabo. Kowace amsa kuma tana zuwa da wa'adin daƙiƙoƙin da za a iya ajiye ta. Gajeren wa'adi yana yawaita tambaya, dogo yana sa tsohon labari ya daɗe yana yawo. Mai tsarawa dole ya zaɓi wanda zai iya jurewa.

Suna linzami ne, in ji Hausawa, kuma harafi ɗaya kan karkatar da shi. Wanda ya manta "o" a .com sai ya tsinci kansa a yankin Kamaru, abin da wasu suka mayar sana'a. Ga ɗalibin Hausa lamarin ya fi haka zurfi: ƙa'idar farko ba ta karɓi komai ba sai haruffan Ingilishi, da lambobi, da karan ɗori. Ba ɓ, ba ɗ, ba ƙ, ba ƴ. A nan "baƙi" da "baki" suka zama ɗaya, "ƙasa" ta koma "kasa". Sai a 2003 aka amince da hanyar juya irin waɗannan haruffa zuwa rubutun da ke farawa da xn--, duk da haka mai riƙe da yanki ne ke yanke haruffan da zai karɓa. Don haka shigar haruffa masu lanƙwasa cikin adireshi tana hannun hukumomin rajista, da masu harshen da za su nemi a buɗe musu ƙofa.