Kalmar da Hausa ba ta da ita

A masana'antar jimar fata da nake aiki a Challawa, gishiri ne ke riƙe da abincinmu. Fatar da aka feɗe, in ba a barbaɗa mata shi da wuri ba, kafin ta iso hannunmu ta fara wari, gashi na zuba. Da yawa daga abin da muke jemewa Italiya da Sifaniya yake tafiya, shi ya sa masu saye kan zo daga can. A bakin wani Basifaniye na fara jin kalmar momia. Ya ɗaga wata fatar akuya da rana ta ƙandarar, ya ce wannan ai momia ce, ya jefar gefe.

Asalin ma'anarta gawar da ta bushe ba ta ruɓe ba, irin ta Fir'aunonin Masar. Su da kanwa suke busar da mamaci, wajen kwana 40, sannan su naɗe shi da ƙyalle. Kanwa fa, dangin wadda ake jefa wa miyar kuka! Kalmar ma aro ce. A Farisanci mum kakin zuma ne, Larabawa suka kira wani baƙin abu mai kama da kwalta mumiya, daga nan ta shiga Turai. Ba ruwanta da Momi da 'ya'yana ke kiran mahaifiyarsu, ko da yake tun ranar kunnena bai ƙara jin daɗin sunan ba.

Masu yaren sun sake da ita sosai. Tsohon da ya rame ya bushe, momia ne. A ƙasar Chile, zamanin Salvador Allende a farkon shekarun 1970, momio ake ce wa 'yan mazan jiya masu ƙin sauyi.

Mu kuwa ba mu da ita, sai dai mu ce gawar Fir'auna. Ban ɗauki wannan talaucin harshe ba. Mahaifina ya rasu bayan Asuba, kafin Azahar mun dawo daga maƙabarta. Mutanen da ba sa son gawa ta kwana, ina za su ga abin har su raɗa masa suna?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na garin Guanajuato a Meziko. Tun ƙarni na 19 hukuma ta sa wa kaburbura haraji, wanda danginsa suka kasa biya sai a tono shi. Wasu an same su a bushe ƙayau, aka adana su, aka ci gaba da tonon har 1958. Yau sama da ɗari suna jere a gidan tarihi, ana sayen tikiti a kalle su, a bakin ƙofa kuma ana sayar da alewa mai siffarsu. Ba sarakuna ba ne irin na Masar. Iyayen wasu ne da aljihun 'ya'yansu ya gaza.