Tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen kai ko Corolla? Ra'ayin mai gyaran waya

Jama'a, yau ba maganar waya zan yi ba, amma dai da idon mai gyaran waya nake kallon abin. Duk wanda ya taɓa cire batirin Nokia 3310 da farce, sannan ya zo yana hura wa wayar zamani iska mai zafi kafin bayanta ya ɗago, zai gane inda na dosa.

Akwai wata Peugeot 504 da yawancinmu ba mu taɓa gani a titi ba. Ba wadda aka dinga harhaɗawa a Kaduna ba, wadda iyayenmu suka yi tasha-tasha da ita. Wannan mai ƙofa biyu ce, rufinta na tanti ne da ake naɗewa baya. A 1969 ta fito, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, aka daina yin ta a 1983. Wallahi in ka ga hotonta sai ka ji Corolla ta zama kamar kwalin taliya. Ni ma ina son ta, ba zan ɓoye ba.

Amma kada sunan 504 ya ruɗe ka. Mutum zai ce ai kowane bakanike ya san Fijo. Ya san mai ƙofa huɗu, mai kafireto. Mai buɗaɗɗen kan nan jikinta daban, ƙofofinta daban, fitilunta daban, kuma mai silinda huɗun famfon feshin mai take amfani da shi, irin na Kugelfischer, ba kafireto ba. In wani ya goge maka gefe a go-sulo, a wace kasuwa za ka samo ƙofar? Irin haka muke fama da masu kawo wayar da ba ta shigo ƙasar nan da yawa ba: gyaran na minti ashirin ne, neman gilashin kuma wata guda.

Ita kuwa Corolla, mutane na tsoronta wai kwamfuta ce. To ai nan ne daɗinta. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai fil 16, ana ce mata OBD2, wadda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Ka sayi ƙaramar na'urar ELM327, ka soka, ka haɗa da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhajar Torque. In ta nuna P0301, silinda ta ɗaya ce ke fashin wuta, sai a fara duba filogi da koyil. Motar da kanta take faɗin ciwonta, babu mai ce maka a sauke inji alhali filogi ne.

Sai babbar maganar: iyali. Tsohuwar ba ta da jakar iska, ba ta da birkin ABS, kuma in ta kife, tanti ne tsakanin kan yaranka da kwalta. Ga ƙurar hunturu, ga ranar watan Afrilu a kan tsakar ka.

In kana da mota biyu da kuɗin wasa, ajiye Fijon don yawon Sallah. In ɗaya ce tal, kuma ita za ta kai mai ɗaki asibiti ƙarfe biyun dare, ɗauki Corolla, amma ka soka na'urar nan tun kafin ka biya dillali.