Daren Da Na Ji Kiɗan Jita A Agadas

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma gani ya kori ji. Ni dai ban gaskata wannan magana sosai ba sai a dogon hutun 2025, cikin watan Agusta, da mahaifina ya yarda in kai wa kawuna ziyara a Agadas, a Jamhuriyar Nijar. Amma kafin in ba ku labari, tilas in fara tona wa kaina asiri.

Duk wanda ke makarantar nan ya san dattijon da ke gadin ƙofarmu, mai rawani har bisa hanci. Kullum in mun tashi daga karatun dare sai mu tarar da shi yana dafa shayi, 'yar rediyonsa tana wani irin kiɗa mai siririn sauti. Ni ne na raɗa wa kiɗan nan suna "kukan sauro". Wata rana har na toshe hanci na kwaikwaya a gabansa, abokaina suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Bai ce mini uffan ba, sai ya kai hannu ya rage murya. A lokacin ji nake na yi gwaninta.

To, da aka ba da hutu muka tashi daga Kano muka bi ta Daura, muka ƙetare iyaka, muka kwana a Damagaram. Kashegari muka miƙa arewa ta Tanut, tafiyar fiye da kilomita 400. Itatuwa suka yi ta raguwa, yashi yana ƙaruwa, har can da la'asar muka hango hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka gina da ƙasa, tsawonta mita 27. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ko'ina a garin Hausa ake yi.

Ina da kwana biyar a can sai taubashina, wato ɗan kawun nawa, ya ce mini, "Kai ɗan Kano, yau za ka ga abin da babu a garinku. Ana biki a unguwar nan, akwai jita da dare." Na ce, "Kukan sauro za ka kai ni in ji?" Ya yi dariya ya ce, "Mu je dai." Muka nemi izinin Kawu. Ya ce, "Ku yi sallar lisha tukuna, kuma kada ƙarfe goma sha ɗaya ta yi muku a waje."

Wurin wasan wani babban fili ne a bakin unguwa, ba rufi, ba ƙofa, ba mai karɓar kuɗi. An shimfiɗa tabarmi an yi da'ira, mata gefe guda, maza gefe guda, yara kuwa sun ɗare kan katanga. Can baya janareto yana ruri, an jawo waya zuwa manyan lasifikoki biyu. Makaɗan su huɗu ne, kowa da rigar shadda da rawani. Biyu suna riƙe da jita mai amfani da lantarki, ɗaya da wata mai kaurin murya, na huɗun kuwa yana zaune a bayan ganguna irin na Turawa.

Suka fara a hankali, kamar tafiyar raƙumi da kaya. Na harɗe hannu ina jiran abin dariya. Amma sannu sannu sai kiɗan ya ɗauki sauri, mai ganga ya matsa, babban makaɗin ya runtse ido yana gudu da yatsu a kan tsirkiya. Kai jama'a! Sautin da nake ji siriri a rediyon mai gadi, ashe a nan har cikin ƙirji yake dukan mutum. Mata suka rangaɗa guɗa. Samari suka riƙa shiga fili bibbiyu, suna taka rawa cikin natsuwa, suna buɗe hannayen riga, ana yi musu liƙi da takardun sefa. Ƙura ta tashi. Ban san lokacin da na fara tafi ba, sai da taubashina ya zungure ni ya ce, "Yaya sauron?"

Ana cikin haka sai hadari ya taso daga gabas. Iska ta kaɗa da ƙarfi, janareto ya yi tari ya mutu, duhu ya rufe fili. Na ce a raina shi ke nan, taro ya watse. Ashe ba haka ba ne. Mutane suka ci gaba da tafi, mawaƙin ya ɗaga murya ba lasifika, ya kama wata waƙa mai sanyi da harshensu, jama'a duka suna amsawa cikin duhu.

Da aka yi walƙiya sai na ga wani tsoho kusa da ni yana share ido da amawali. Na durƙusa na ce, "Baba, lafiya dai?" Ya ce, "Lafiya lau, yaro. Waƙar ce. Mutum ne yana nesa da gida, yana tuna rijiyar da yake shayar da raƙumansa, yana tuna mahaifiyarsa. Mu muna ce wa wannan abu *asuf*, wato kewar gida mai cin rai." Ya tambaye ni daga ina nake, na ce Kano. Ya ce, "Na san Kano. Da fari ya kashe mana dabbobi a 1984, can na je na yi gadi shekara da shekaru. Da dare in kowa ya yi barci, irin waɗannan waƙoƙi ne abokan hirata."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ba wanda na gani a gabana sai mai gadinmu, yana kai hannu yana rage muryar rediyo.

Jim kaɗan janareto ya tashi, jita ta sake tsala ƙara, fili ya ɗauki sowa. Ba a daɗe ba ruwa ya sauko. Aka rufe kayan kiɗa da tamfol, amma ba wanda ya ɓata rai, gama ruwan sama a ƙasar nan abin murna ne. Muka sheƙa gida a jiƙe sharkaf, saura minti biyar lokacin da Kawu ya ɗiba ya cika.

Da safe na ba Kawu labari, shi kuma ya ƙara mini bayani. Ya ce farin 1973 da na 1984 sun raba Abzinawa da yawa da dukiyarsu, samarinsu suka bazu Libiya da Aljeriya neman aiki. A can suka ɗauki jita suka haɗa ta da salon waƙoƙinsu na gargajiya, ana yaɗa waƙoƙin a kaset hannu da hannu. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ita ce ta yi fice a farko, har ta ci lambar Grammy a Amurka a 2012. Daga ƙasar Agadas kuma akwai Bombino, wanda rikicin 2007 ya sa ya yi hijira zuwa Burkina Faso, da aka sami lafiya ya dawo ya yi wasa a gaban babban masallaci a 2010. Akwai kuma Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da kansa, da wayar birkin keke. Kawu ya ce Turawa suna lissafa kiɗan nan cikin wanda suke kira rok, kuma a lokacin zafinsu dubban mutane kan biya kuɗi su tsaya a fili don su ji waɗannan makaɗa.

Ran da muka dawo makaranta, bayan karatun dare, na bar abokaina suka wuce. Na je na durƙusa na gai da mai gadi, na ce, "Baba, wannan shi ne *asuf*?" Ya ɗago kai ya dube ni, ya daɗe bai yi magana ba. Sa'an nan ya ce, "Wa ya gaya maka?" Na ba shi labari duka, na kuma roƙe shi gafarar abin da na yi masa. Ya ce, "Ba kome, ɗana, ƙuruciya ce." Ya zuba mini shayi a ɗan ƙaramin kofi, ya kai hannu ya ƙara muryar rediyo.

'Yan'uwana ɗalibai, ba cewa nake kowa ya so kiɗan jita ba, kowa da abin da kunnensa ke so. Abin da nake roƙo shi ne, kafin mu yi wa abin wani dariya mu tambaya mu ji dalilinsa. Ni sai da na yi tafiyar kwana biyu kafin na san mutumin da nake wucewa kullum a bakin ƙofa. Ku ga shi nan kusa da ku, gaisuwa kawai za ku yi. Allah Ya sa mu gane, amin.