Shuni da Idon Kyamara

Silikon, wanda da shi ake ƙera idon kusan kowace kyamarar waya, makaho ne ta fuskar launi. Yana jin haske, yana mayar da shi wutar lantarki, amma ba ya bambance ja da kore. Domin cike wannan giɓi ne wani masani a kamfanin Kodak, Bryce Bayer, ya tsara wata matata da aka yi wa rajista a 1976: ƙananan tagogi masu launi da ake shimfiɗawa a kan silikon, rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Kowace taga launi ɗaya take bari ya wuce. Ke nan kusan kashi biyu cikin uku na hasken da ya shigo asararsa ake yi, sai kwamfutar cikin wayar ta ƙiyasta abin da ya ɓace.

Idan ina bayyana wa ɗalibai hanyar da masana ke bi don kauce wa wannan asara, nakan fara ne daga marina. Kowa ya san turkuɗin da ake rinawa a ƙasar Kano, wanda Buzaye ke naɗawa a Agadas da Tawa. Shuɗinsa daga ganyen baba yake. Ƙwayar shuni tana haɗiye hasken da ke wajen ruwan lemo da ja, ta sako sauran, shi ya sa idonmu ke ganin shuɗi. Babu wata taga da aka ɗora mata. Zaɓin launin a cikin ƙirarta yake: zobba ne na kabon, waɗanda ɗaurin da ke tsakaninsu ke bin juna, guda sannan biyu, guda sannan biyu. A irin wannan jeri, ƙwayoyin lantarki suna samun damar yawo, kuma tsawon jerin ne ke ƙayyade launin da za a haɗiye.

Wannan yawon shi ne ya sa wasu sinadarai masu tushen kabon ke iya isar da lantarki. Shirakawa da MacDiarmid da Heeger sun nuna haka a 1977 da wani nau'in roba, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. A 2012 kuwa, masu bincike a birnin Linz na ƙasar Ostiriya suka ƙera tiranzista da shuni kansa. Ni dai wannan labari ya fi burge ni a kan duk sauran.

Idan rini zai iya zaɓen launi, ya kuma isar da lantarki, to matata ba ta da sauran aiki. Sai a jera shimfiɗu uku masu matuƙar siranta, ɗaya bisa ɗaya: ta sama ta kama shuɗi, ta tsakiya kore, ta ƙasa ja, kowace ta bar wa ta ƙarƙashinta rabonta. Masu bincike na gidan talabijin ɗin NHK na Japan sun daɗe a kan wannan tsari, inda suka yi amfani da kwinakiridon, wani rini mai ruwan hoda da ake sawa a tawadar buga takardu, don kama kore.

Sai dai duk wadda ta taɓa shanya zane a rana ta san inda gizo ke saƙa. Rini yana koɗewa. Iska da laima da zafi suna lalata waɗannan sinadarai, alhali silikon yakan yi shekaru bai gaza ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau wayoyinmu ke ɗauke da tagogin Bayer.

Game da suna, na fi son mu ce "rini mai jin haske" a aji, mu ajiye "semikondakta" don rubutun ƙwararru. Ɗalibin da ya taɓa leƙa rijiyar marina zai gane na farkon tun kafin a gama faɗa.